Rakiyar Kawu: Littafin Girki Tsakanin Gwarzo da Kabo

A Kano littafi yana da ranar suna kamar jariri. Marubuci zai kama ɗakin taro, a buga katin gayyata, a jera uban taro da uwar taro da babban mai ƙaddamarwa da mai sharhin littafi, sannan manyan baƙi. Ranar taro attajiri zai miƙe ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗin da ya isa a sake buga littafin gaba ɗaya, maroƙi ya kwarara kirari, a ɗauki hotuna a watse. Duk wanda ya saba halartar irin waɗannan tarurruka ya san abin da ake aunawa a wurin, wato yawan mutanen da suka yarda a gan su tare da marubucin. Darajar rubutun takan biyo baya, idan ma an waiwaye ta. Saboda haka tambayar farko da ke gaban wanda ya rubuta littafi a ƙasar Hausa ita ce, wa zai zauna kusa da shi a gaban jama'a?

Ga mafi yawan marubuta amsar ba ta da wuya. Ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, wannan tambaya ce ta kusa hana littafinsa fitowa. Kawu ɗan daudu ne. Na faɗi kalmar tun da wuri domin da ita garinmu ya san shi, shi ma bai taɓa musanta ta ba. Ba zan ambaci sunansa ko sunan littafin ba, tun da sunan nasa yana kan bango, shi kuma yana raye, yana zaune cikin mutane.

An haife shi a wani ƙauye da ke ƙasar Gwarzo, kuma shi ne auta a ɗakin kakarmu, wadda muke kira Iya. Tun yana ƙarami, in ji mahaifiyata, ya fi son gindin murhu a kan dandali. Sa'o'insa na tafiya kiwo da farautar gafiya, shi yana tsugune yana kallon yadda ake tuƙa tuwo. An yi faɗa, an yi duka, an kai shi wurin malamai an ba shi rubutun sha, bai sauya ba. Yana ɗan shekara 16 ya bi motar kaya zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 70, ya faɗa hannun wani dattijon ɗan daudu mai sayar da abinci a bakin tasha. A can ya fara da wanke-wanke da ɗebo ruwa, ya kai ga suyar waina, har ya mallaki tukunyar kansa. Daga baya ya yi wasu shekaru a Jidda yana dafa wa alhazai da 'yan ƙasarmu mazauna can abinci, kamar yadda da yawa daga abokan sana'arsa suka yi. Kuɗin tukunyar nan ne ya yi wa ɗakin Iya rufin kwano, ya biya wa 'ya'yan yayyensa kuɗin makaranta, har da ni. An karɓi kuɗin da hannu biyu. Amma idan ya zo gida da salla sai bayan magariba yake shigowa gari, ya fita kafin rana ta ɗaga.

Irin rayuwar Kawu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma masana sun daɗe suna rubutu a kanta. Da yawansu suna danganta kalmar daudu da Ɗan Galadima, iskan nan na bori mai son ado da kyauta. A 1983 Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun wallafa maƙala a kan matsayin 'yan daudu a biranen Hausa, a shekarar kuma Renée Pittin ta yi bayanin zamansu a gidajen mata masu zaman kansu a Katsina. A 2009 Rudolf Gaudio, wanda ya fara bincike a Kano tun cikin shekarun 1990, ya fitar da littafinsa mai suna Allah Made Us, inda ya nazarci harshensu da habaicinsu da yadda suke riƙe da salla da aikin hajji. A fim kuwa marigayi Rabilu Musa Ibro ya sa an yi dariya da su a Ibro Ɗan Daudu. Lokacin da nake bin waɗannan ayyuka a jami'a na lura cewa a dukansu wani ne ke riƙe da alƙalami ko kyamara, ɗan daudu kuwa shi ne abin nazari ko abin dariya.

Littafin Kawu ya samo asali ne daga aikin aji. Ina karatun Hausa a Jami'ar Bayero aka ba mu aikin tattara sunayen abincin gargajiya da yadda ake sarrafa su. A lokacin Kawu ya riga ya dawo gida, domin Iya ta tsufa, ba ta da mai dafa mata abin da haƙoranta za su iya. Na je da wayata da niyyar ɗaukar maganar rabin awa, sai ga shi mun shafe hutun gaba ɗaya. Ya yi mini bayanin alkaki, tun daga ɓarzar alkama, da kwaɓinta da tsami, da barinta ta kwana, har zuwa tsoma ta a ruwan sukari ko zuma bayan suya. Ya bambance mini daddawar kalwa da ake yi da 'ya'yan ɗorawa da daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, da irin miyar da kowacce ta dace da ita. Ya faɗi dalilin da ya sa ɗanwake yake narkewa a tukunya idan kuka ta yi kaɗan, da dalilin da ya sa yake ɗaci idan kanwa ta yi yawa. Ya yi maganar nakiya da dubulan da sauran kayan gara, da sinasir da funkaso da dashishi da burabusko, da dambun tsaki da zogale ko rama. Ya san wane abinci ne na biki, wane ne na gidan mutuwa, wane ne na maijego. Da na rubuta abin da ke cikin wayar sai na ga ya wuce aikin aji nesa ba kusa ba.

Wahalar da muka sha ita ce ta awo. Kawu ba ya auna komai da cokali. Gishirinsa ɗan yatsa uku ne, kanwarsa kamar ƙwayar gyaɗa, ruwansa kuwa sai ya rufe gaɓar yatsa ta farko. Sai da muka yi watanni muna dafa kowane abinci a tsakar gidan Iya, shi yana zubawa da hannu, ni ina tarewa da gwangwanin madara da ludayi ina ƙirgawa, kafin mu mayar da iliminsa abin da amaryar da ba ta taɓa ganinsa ba za ta iya bi. Yana karanta ajami sosai, boko kuwa da ƙyar, don haka kowane shafi sai na karanta masa da baki ya gyara. Bai yarda na sauya masa kalma ko ɗaya don ta yi kama da Hausar makaranta ba. Yakan ce, “'Yar nan, in kin gyara mini baki, to wa ya yi maganar?”

Da aka zo batun bugawa sai gidanmu ya rabu biyu. Babban yayansu, wanda muke kira Kawu Babba, ya tara iyali a zauren Iya ya ce ba ya adawa da littafin, amma a sa sunana a bango a matsayin marubuciya. Hujjojinsa ba na banza ba ne, kuma ya kamata a faɗe su yadda ya faɗa. Yana da 'ya'ya mata uku da ba su yi aure ba, kuma kowa ya san yadda binciken dangin miji yake tono asali. Ya ce abin da gari ya sani yana raɗawa daban ne da abin da aka buga a takarda. Ya kuma tuna mana halin da ake ciki. Tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000 aka kuma kafa hukumar Hisba a 2003, bukukuwan da 'yan daudu suke yi a fili suka koma ɓoye. A 2007 an kama mutum 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata, labarin ya zaga duniya. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya tallafa mata. Littafin girki bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki ba, Kawu Babba ma ya san haka. Tsoronsa shi ne jita-jita, wadda take iya mayar da taron cin waina bikin da ba a yi ba, kafin a gane gaskiya an riga an yi ɓarna.

Mahaifiyata ce ta ba shi amsa. Ta ce, “Yaya, shekara nawa muna cin kuɗin tukunyar nan? Ranar da ya aiko da kuɗin kwanon rufi ba ka ce a sa sunan wani ba.” Zauren ya yi tsit. Kawu kansa bai ce uffan ba, yana zaune a bakin ƙofa kamar baƙo, kansa a sunkuye. Iya ce ta yanke maganar. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun shi ne yake ba ta abinci a baki. Ta dubi Kawu ta ce, “Auta, sunan da ubanka ya yanka maka rago da shi, shi za a sa.” Kawu Babba ya tashi ya fita, ya ce babu ruwansa, kuma kada a neme shi.

Kuɗin bugawa ya fito ne daga inda ba a zata ba. Abokan Kawu na Kano, waɗanda suka yi shekaru suna zuba adashi tare, suna kai wa juna gudummawa a biki da rashin lafiya, su suka haɗa mafi yawansa. Mahaifiyata ta sayar da tunkiya biyu ta cika. Aka buga kwafi 500 a wata ƙaramar maɗaba'a a cikin birni, da takarda mai araha irin ta littattafan adabin kasuwar Kano. Batun kama ɗakin taro bai ma taso ba. Babu attajirin da za a rubuta wa takardar gayyata, babu basaraken da zai yarda a sa sunansa a kati. Mahaifiyata ta ce tun da mutane ba za su zo wurin littafi ba, sai littafi ya je wurin mutane, ai zumunta a ƙafa take. Aka jira kaka ta yi, lokacin da manoma suke da kuɗi a hannu, bukukuwan aure kuma suke yawaita. Wani ɗan ƙanwar mahaifiyata mai tuƙa motar haya tsakanin Kano da Gwarzo ya ba mu ranakun da ba ya lodi.

A Turai da Amurka kamfanin ɗab'i ne yake shirya wa marubuci zagayen tallar littafi, daga wannan kantin littattafai zuwa wancan, ya karanta wani sashe, ya amsa tambayoyi, ya sa hannu. Namu zagayen a tsakar gidaje aka yi shi. Mun fara da gidan Iya, inda matan unguwa suka taru bayan la'asar. Wata yarinya 'yar sakandare ta karanta babin alkaki da ƙarfi, Kawu yana gefe da kaskonsa yana nunawa a aikace. Ba a kai rabin shafi ba gardama ta kaure. Wata tsohuwa ta ce a zamaninsu da nono ake tsamin alkaki, wa ya ce a sa yis? Kawu ya ce, “Gaskiyarki, Baba, juya shafi, na faɗi hakan, na kuma faɗi dalilin da ya sa 'yan yanzu suka bari.” Aka juya, aka samu, aka yi shewa. Ranar na ga matan da suka yi shekaru suna aiko masa da yara a ɓoye su tambayi sirrin miya suna kiran sunansa a fili, suna ciro kuɗi daga bakin zane.

Daga nan muka bi dangi gida-gida, Kutama da Lakwaya da Getso, duk inda muke da 'yar'uwa da ke aure. Tsarin bai sauya ba. Mahaifiyata ce take fara shiga ta gaisa da maigida ta nemi izini, domin Kawu namiji ne a idon shari'a da al'ada, ba ya shiga gidan matan aure haka kawai. Wasu magidanta sun yarda, suka ce a shimfiɗa tabarma a soro ko a ƙofar gida. Wasu sun ce a bar littafin, shi ya tsaya a mota. Mutum biyu sun ce kada a ajiye musu ko littafin. Duk inda aka hana, mahaifiyata takan yi godiya ta fito, ta shiga mota ta zauna kusa da ƙanenta, ba ta taɓa barinsa shi kaɗai ta koma ciki shan fura ba. Na daɗe ina tunanin wannan ɗan ƙaramin abu. Matar da ta haura shekara 60, mai ciwon gwiwa, ta zaɓi zafin mota a kan inuwar ɗakin 'yar'uwarta, don kada masu wucewa su ga an bar shi a waje kamar kaya.

Akwai wani malami, limamin wani ƙaramin masallaci, wanda suka yi makarantar allo tare da Kawu. Ya aiko a kira mu. Na shiga da fargaba, domin na san ba ya sassauci a wa'azi. Bayan gaisuwa ya faɗa wa Kawu a gabanmu cewa ra'ayinsa game da daudanci yana nan inda yake, kuma hadisin da ya yi hani ga maza su kamanta kansu da mata sananne ne, babu mai goge shi. Sannan ya ce malaman da suka yi sharhin hadisan sun yi bayani dalla-dalla. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba irin waɗannan mutane gida biyu: wanda aka halitta da wannan ɗabi'a ba da ƙirƙirarsa ba, wanda babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ya kuma kawo ruwayar Abu Dawuda a kan wani da aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi lalle a hannu da ƙafa, aka fitar da shi daga gari, amma da aka nemi a kashe shi sai Annabi ya hana saboda mai salla ne. Malam ya ce shi ba zai iya shiga zuciyar kowa ya san a wane gida yake ba, abin da ya sani shi ne shekara da shekaru yana ganin wannan mutum a sahun asuba. Ya sayi kwafi huɗu, na matansa biyu da 'ya'yansa biyu da ke gidan miji. Kawu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na gode.” Da muka fito ya daɗe bai yi magana ba.

A wata kasuwar mako, wadda ba zan faɗi sunanta ba, abin da Kawu Babba ya ji tsoro ya so ya faru. Mun shimfiɗa littattafan a kan tebur kusa da masu sayar da kayan miya. Wasu samari suka gane shi, suka fara kwaikwayon tafiyarsa da muryarsa, suna tafa hannu. Jama'a suka fara taruwa, wasu na dariya, wasu na kallo kawai. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗauki littafi ya karanta sunan da ke bango da muryar mata, ya jefar a ƙasa. Mahaifiyata ta miƙe, ni kuwa jikina yana rawa. Sai ga Kawu Babba, wanda ya zo sayar da dawa a kasuwar ba tare da mun sani ba, ya ratso taron. Ya sunkuya ya ɗauki littafin, ya kaɗe ƙurar da hannun rigarsa, ya mayar kan tebur. Ya dubi saurayin ya ce, “Kai, ɗan gidan wane ne kai?” Wanda ya tashi a ƙauye ya san nauyin wannan tambaya. Tana nufin maganar za ta isa zauren ubanka kafin ka isa gida, tana kuma nufin wanda ka taɓa yana da nasa gidan. Yaron ya yi ƙasa da kai, taron ya watse. Kawu Babba bai zauna ba, bai sayi littafi ba, bai ma dubi ƙanensa ba. Ya ce wa mahaifiyata, “Ku tattara ku tafi kafin la'asar,” ya koma wurin buhunansa. Har yau bai sauya ra'ayinsa a kan sa sunan ba, kuma yakan faɗa.

A Kabo muka yi zama mafi daɗi, a gidan ƙanwar mahaifiyata, wadda mijinta ya ba mu soro da tsakar gida na kwana biyu, muka kuma leƙa Garo daga can. A nan ne abokan Kawu na Kano suka zo. Tun farko sun yi shawara a tsakaninsu cewa ba za su bi mu kasuwa ko ƙauye ba, domin ganinsu a tare zai jawo idon da littafin ba ya buƙata. Su da suka biya kuɗin bugawa su ne suka hana kansu zuwa inda ake sayarwa. Mutum uku suka zo Kabo, cikin manyan riguna da huluna, har da dattijon nan da ya karɓi Kawu a tasha yana yaro, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tafiya. A gaban jama'a sun gaisa kamar kowane baƙo. Da dare, bayan an watse, ina kwashe kwanuka na ji dattijon ya ɗaga littafin kusa da fitila, ya shafa sunan da yatsa, ya ce, “Ke 'yar nan, ashe kin yi abin kai.” Kawu ya rufe fuska da hannu.

Wannan “ke” ta tsaya mini a rai a matsayina na ɗalibar harshe. Hausa ba ta barin mai magana ya tsaya a tsakiya. Da ka buɗe baki za ka yi wa mutum magana sai ka zaɓi kai ko ke, ka zo ko kin zo, naka ko naki. Turanci yana da wannan rarrabewa a kan wanda ake magana a kansa kaɗai, Hausa kuwa har da wanda ake magana da shi. A gida Kawu “kai” ne, a masallaci yana sahun maza, kuma bai taɓa neman mu sauya ba. A cikin ƙawayensa “ke” ce, da uwar ɗaki da 'yar ɗaki, kamar yadda Gaudio ya bayyana a bincikensa. Kafofin labarai na Hausa sun ƙirƙiro “masu sauya jinsi” don fassara kalmar da Turawa suke amfani da ita, amma rigar ba ta zauna daidai a jikin Kawu ba, domin shi bai ce ya sauya komai ba. Cewa yake haka ya tashi ya ga kansa.

Duk da haka akwai abin da ya haɗa shi da marubutan da suke amsa wancan suna. Akwaeke Emezi, haifaffen Umuahia a 1987 da tasowar Aba, sun fito da Freshwater a 2018, suka bayyana wa duniya cewa ba sa ɗaukar kansu namiji ko mace, suna kuma fassara hakan da tunanin Ibo na ogbanje. Na ce “sun” domin lamirin jam'i suka zaɓa wa kansu a Turanci, Hausa kuwa dama tana da jam'in girmamawa, wanda muke yi wa sarakuna da surukai. An sa littafin a jerin farko na gasar marubuta mata ta Ingila a 2019, daga baya Emezi suka ce ba za su sake shiga ba saboda an nemi bayanin jinsinsu a hukumance. A 2021 suka fitar da Dear Senthuran, tarihin rayuwa da aka tsara shi a matsayin wasiƙu zuwa ga abokai da 'yan'uwa da wasu na kusa. Tsakanin Emezi da Kawu akwai tazarar ilimin boko da dukiya da addini da fasfo. Amma zaɓin da Emezi suka yi na rubuta rayuwarsu a matsayin wasiƙu ya nuna mini cewa ko a inda doka ta ba marubuci kariya, mutanen da zai kira da suna su amsa su ne madogararsa. A inda dokar ba ta ba shi ba kuwa, kamar a nan, su ne kaɗai abin da yake da shi.

Ban rubuta wannan don in warware wa kowa hukuncin daudanci ba, wannan fagen malamai ne. A cikin waɗanda suka raka Kawu babu mutum biyu da ra'ayinsu ya zo ɗaya a kansa. Iya ɗanta take gani. Mahaifiyata bashi take biya, haka ta faɗa da bakinta. Direbanmu ya ce shi dai kawunsa ne, ba ya son dogon bayani. Malam yana ganin kuskure a rayuwarsa, yana kuma ganin mai salla. Kawu Babba yana jin kunyar sunan, amma bai iya tsayawa yana kallo a wulaƙanta ɗan ɗakinsu ba. Babu wanda aka nemi ya bar aƙidarsa kafin ya shiga mota. Abin da aka nema shi ne ya yarda a gan shi, kuma kowannensu ya biya wani abu a kan hakan. An daina gayyatar mahaifiyata wani adashin unguwa. An yi wa direbanmu waƙar tsokana a tasha har tsawon watanni. Maganar auren ɗaya daga cikin 'ya'yan Kawu Babba ta yi sanyi na wani lokaci kafin ta daidaita, kuma har yanzu yana danganta jinkirin da littafin.

Kwafi 500 ɗin sun ƙare kafin azumi. Mafi yawansu suna cikin kayan ɗakin amare a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, shafukansu sun sha manja da hayaƙi. Iya ta rasu a damina ta gaba. Ranar sadakar uku Kawu ne ya tsaya a kan tukwane, ya shigo gari da rana tsaka ta babbar hanya, masu zaman makoki suka yi masa gaisuwa a ƙofar gida tare da yayyensa.

Ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa ina da roƙo ɗaya. Ilimin girki da saƙa da kitso da magungunan jego da waƙoƙin daka yana hannun mutanen da ba a gayyatarsu ɗakin taro: tsofaffin mata, da zawarawa, da 'yan daudu, da unguwarzoma. Mukan je mu ɗauki maganarsu, mu sami digiri da ita, su kuma su koma “wata majiya” a ƙarshen kundi. Idan mai ilimin ya fi son a sakaya shi saboda tsaron kansa, a sakaya shi. Idan kuwa ya ce a sa sunansa, to a tambaye shi wa zai raka shi, a kuma shirya zama ɗaya daga cikin masu rakiyar. Kawu ya fara faɗa mini littafi na biyu, a kan abincin maijego da na marar lafiya. Mun gama babin kunun kanwa, muna kan na farfesu, kuma har yanzu muna gardama a kan ko masoro cokali ɗaya ne ko rabi.